Abin da maki yake aunawa: tunawa, warware matsala da zama gaban mai tambaya

1. Gabatarwa

Ɗalibai masu shirya kundin ƙarshen karatu a fannin tarbiyya, ko ilimin harsuna, ko ilimin halayyar ɗan Adam, sukan zo ma malamansu da shawara iri ɗaya: za su ɗauki wani gwaji da aka tsara a Faransa ko a Amurka, su juya shi zuwa Hausa, su kai shi wata lakkwal a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, su tattara makin yara, sa'an nan su faɗi matsayin ƙwaƙwalwar yaran. Niyyar mai kyau ce, kuma bukatar irin wannan aiki tana ƙaruwa, tun daga 1973 da aka buɗe lakkwal ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, har zuwa 2025 da kundin tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Sai dai akwai tambayar da ta kamata a yi kafin a buga takardun gwajin: idan yaro ya samu maki kaɗan, mene ne aka auna?

A wannan rubutu za mu bi wasu ginshiƙai huɗu na ilimin halayyar ɗan Adam, wato tunawa, da warware matsala, da halin mutum cikin jama'a, da sharuɗɗan gwaji. Manufarmu ita ce mu nuna cewa maki yana fitowa ne daga haɗuwar abubuwa huɗu: abin da yaron ya iya, da harshen da aka tambaye shi da shi, da kayan da aka sa gabansa, da kuma matsayin mai tambaya a idonsa. Wanda ya ɗauka na farkon kaɗai ne ya haifi makin, yana iya ɗora ma yaro laifin da yake na gwajin. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin da irin wannan hukunci ake sa yaro ya maimaita aji, da shi kuma ake ce ma uba ɗansa ba shi da kan karatu.

Ya kamata mai karatu ya san inda yawancin wannan ilimi ya fito. A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙidaya mutanen da aka yi bincike a kansu cikin manyan mujallun fannin guda shidda daga 2003 zuwa 2007. Kashi 96 cikin ɗari nasu ƴan ƙasashen Yamma masu masana'antu ne, ƙasashen da jama'arsu ba ta wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Saboda haka, duk inda ya yiwu, mun zaɓi binciken da aka yi a Afirka ko a wuraren da zaman jama'arsu ya yi kusa da namu.

2. Kalmomin aiki

Da yake kalmomin fannin ba su gama zama cikin Hausa ba, ga yadda muka yi amfani da su. Tunawa ta ƙunshi matakai ukku: shigar da abu cikin kai, da ajiye shi, da fiddo shi lokacin bukata. Mun raba ta biyu: tunawar nan-take, wadda mutum yake riƙe lambar tarho da ita kafin ya buga, da tunawa mai daɗewa, wadda yake riƙe hanyar gidansu da ita. Matsala ita ce halin da mutum ya san inda yake son kaiwa amma hanya ba ta bayyana ba. Gwaji kuwa shi ne aikin da ake ba kowa iri ɗaya, cikin sharaɗi ɗaya, a kuma ba shi maki bisa ƙa'ida ɗaya.

Abin da gwaje-gwajen Turai suke cewa suna aunawa mun kira shi basira. Mun guje ma kalmar hankali da gangan, domin ta fi faɗi. Yaro mai hankali a bakin Bahaushe shi ne mai natsuwa, mai sanin ya kamata, wanda za a aika a kwanta da rai. Yaro mai wayo kuma yana iya zama mai saurin gane abu, amma kalmar takan zo da ɗan zargi. Har wa yau, a lura da cewa kalmar nan ta hankali ita ce take ba mu "a hankali", wato sannu. Za mu komo kan wannan a sashe na 5.

3. Tunawa

3.1. Tsawon kalma da tunawar nan-take

Gwajin da ya fi yaɗuwa wajen auna tunawar nan-take shi ne na jerin lambobi: mai gwaji ya faɗi lambobi ɗaya bayan ɗaya, kamar 4, 9, 2, 7, yaro ya maimaita, a yi ta ƙara tsawon jerin har ya kasa. A 1956 George Miller ya taƙaita binciken zamaninsa da cewa babban mutum yakan riƙe abubuwa bakwai, ko ya ɗara da biyu ko ya gaza da biyu. Bincike na baya ya rage adadin: a 2001 Nelson Cowan ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaitawa a zuci, aka kuma hana shi haɗa abubuwa ƙulli-ƙulli, abin da yake riƙewa kamar huɗu ne.

Wannan maimaitawa a zuci ita ce ta shafe mu. A 1975 Alan Baddeley da abokan aikinsa sun gano cewa mutum yana riƙe gajerun kalmomi fiye da dogaye, kuma yawan abin da yake riƙewa ya yi daidai da abin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa biyu ko kusa da haka. A 1980 Ellis da Hennelly sun gwada masu jin harsuna biyu a yankin Wales na Birtaniya. Mutum ɗaya, da kansa ɗaya, yana riƙe lambobi da yawa da Ingilishi fiye da yadda yake riƙewa da harshen Wales, saboda lambobin harshen Wales sun fi ɗaukar lokaci a baki. A 1986 Naveh-Benjamin da Ayres sun kwatanta harsuna huɗu: masu Ingilishi sun riƙe lambobi bakwai da ɗoriya, masu Larabci kuwa, da lambobinsu suka fi tsawo, ba su kai shidda ba.

Yanzu mu ƙidaya namu. Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyar, shidda, bakwai, takwas, tara: kowace gaɓa biyu ce. Takwarorinsu na Faransanci kusan duka gaɓa ɗaya ɗaya ne. Ke nan jerin lambobi bakwai gaɓa goma sha huɗu ne da Hausa, alhali da Faransanci bai wuce bakwai ko takwas ba. Ɗalibin da ya juya gwajin zuwa Hausa, ya kuma kwatanta makin yaran Tawa da ma'aunin da aka tsara ma yaran Faransa, ya aza musu kaya mafi nauyi ya kuma ce su yi tafiya ɗaya. Idan kuwa ya bar gwajin cikin Faransanci, yaron da bai daɗe da shiga lakkwal ba zai raba ƙarfinsa tsakanin gane kalmar da riƙe ta. Ta kowace hanya aka bi, harshen ya shiga cikin makin.

3.2. Ƙulli da sabo

Abu na biyu da yake canza yawan abin da ake riƙewa shi ne sabo da kayan. A 1973 William Chase da Herbert Simon sun nuna ma gwani da ɗan koyo allon darar Turawa mai sarki da dawaki, na daƙiƙa biyar, sa'an nan suka ce su maida ƴaƴan wasan inda suke. Idan jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwani yana barin ɗan koyo nesa. Idan kuwa an watsa ƴaƴan barkatai, fifikon nasa kusan ɓacewa yake yi. Dalili shi ne gwani ba ɗaiɗai yake ganin ƴaƴan ba, ƙulli-ƙulli yake ganin su, kamar yadda gwanin darar gida mai gurbi talatin yake kallon ƙasa sau ɗaya ya ga inda za a ci. Ƙwaƙwalwarsa ba ta fi ta kowa faɗi ba, ɗaurin kayan ne ya iya.

3.3. Hadda

Tambayar da ake yawan yi a nan ita ce ta hadda: almajirin da ya haddace izu sittin, shin tunawarsa ta fi ta sauran mutane a kowane fanni? An yi bincike biyu da suka amsa wannan. A 1978 Daniel Wagner ya buga sakamakon aikinsa a Maroko, inda ya gwada ƴan lakkwal, da waɗanda ba su shiga ba, da ɗaliban makarantun allo, da ayyukan tuna hotuna. Ɗaliban allo ba su nuna wani fifiko na musamman a waɗannan ayyuka ba. A 1981 Sylvia Scribner da Michael Cole sun buga nasu aikin a kan Vai na Laberiya, jama'ar da take da rubutu iri ukku: nata na gida, da na Larabci, da na Ingilishi. Masu karatun allo sun yi fice a gwaji guda: wanda ake faɗin kalma ɗaya a maimaita, a ƙara ta biyu a maimaita daga farko, a ƙara ta ukku, haka har ƙarshe, a jere. Wannan kuwa ita ce hanyar da suka saba biya karatu da ita. A gwajin da aka ce a tuno kalmomi ta kowane jeri, ba su ɗara sauran ba.

Darasin yana da fuska biyu. Horo yana ƙarfafa dabarar da aka hore ta ne, ba dukan tunawa ba. Haka kuma gwaji yana iya fiddo wannan ƙarfi ko ya ɓoye shi, gwargwadon kamanninsa da abin da mutum ya saba.

Akwai wani abu cikin tsarin allo da binciken zamani ya gaskata. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wanda ya gwada kansa da gaɓoɓi marasa ma'ana, ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko sa'an nan ta lafa: bayan awa ɗaya, sauƙin da ya samu wajen sake koyon jerin bai wuce kashi 44 cikin ɗari ba, bayan wata ɗaya kuma kashi 21. A 2006 Roediger da Karpicke sun kwatanta ɗaliban da suka yi ta sake karanta wani rubutu da waɗanda suka karanta shi a zama ɗaya sa'an nan suka yi ta ƙoƙarin fiddo shi da ka. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne gaba. Bayan mako ɗaya sai lamarin ya juya: masu fiddowa da ka sun riƙe kashi 61 cikin ɗari, masu sake karantawa kashi 40. Almajirin da ba ya wanke allonsa sai ya biya ma malam karatun, wannan ƙa'ida yake bi. Ke nan gwaji da kansa hanyar koyo ne, idan aka yi shi a kai a kai ba don yanke hukunci ba.

4. Warware matsala

Masana sun bambanta hanyoyi biyu na warware matsala. Akwai ƙa'ida tsararriya, wadda in aka bi matakanta daidai dole a kai ga amsa, kamar ninkawa a kan takarda. Akwai kuma dabarar yanke, wadda ta fi sauri amma ba ta da lamuni, kamar cika lamba zuwa ɗari sa'an nan a cire abin da aka ƙara. Lakkwal ta fi koyar da ta farko, kasuwa ta fi koyar da ta biyu.

Ƙa'ida tana da nata haɗarin. A 1942 Abraham Luchins ya ba mutane lissafin tuluna ukku. Misali: da tulu mai cin 21, da mai cin 127, da mai cin 3, a fidda 100. Amsa: a cika babban, a rage na farko sau ɗaya, a rage ƙaramin sau biyu. Bayan tambayoyi kaɗan masu wannan amsa, sai ya ba su 23, 49 da 3, a fidda 20. Mafi yawansu suka bi doguwar hanyar da suka saba, alhali cire 3 daga 23 ya isa. Da ya ba su 28, 76 da 3, a fidda 25, inda tsohuwar hanyar ba ta aiki, da yawa suka cije, alhali waɗanda ba a yi musu horon farko ba sun ga amsar nan take. Duk malamin da ya ga ɗan lakkwal yana tara dukan lambobin da ke cikin tambaya don jiya tarawa aka koya, ya san wannan hali.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Terezinha Carraher, David Carraher da Analúcia Schliemann, wanda aka buga a 1985. A birnin Recife na Barazil sun je wurin yara biyar masu talla a matsayin masu saye, suna tambayar kuɗin kaya da canji. Yaran sun amsa kashi 98 cikin ɗari daidai. Daga baya aka ba su lissafi mai lambobi iri ɗaya da takarda da alƙalami. Inda aka sa lissafin cikin ɗan labari sun ci kashi 74, inda kuwa lambobi ne tsura sun ci kashi 37. Yaran kaɗan ne, amma bincike da yawa a wasu wurare ya samu irin wannan tazara. Tun 1967 John Gay da Michael Cole sun nuna cewa manoman Kpelle na Laberiya sun fi Amurkawa masu ilimin boko iya ƙiyasta yawan gwangwanin shinkafa da ke cikin kwano.

A ƙasarmu akwai ƙarin mataki, wato ƙidayar dala. Yarinya mai saida gero, tiya a dala saba'in, aka sayi tiya ukku aka ba ta jikka biyu. Za ta ce dala metan da goma ne, wato jikka da dala goma, canji kuma dala ɗari da casa'in, ba tare da ta taɓa takarda ba. A aji, wannan lissafi shi ne 350 sau 3, a cire daga 2000. Lambobin ma ba su yi kama ba, domin dala tamma biyar ce. Saboda haka mai juya gwaji da ya rubuta "ɗari" cikin tambayar kuɗi ya sani cewa ga yaron kasuwa ɗari tamma 500 ce, ga ɗan lakkwal kuma tana iya zama 100. Amsoshi biyu za su fito, kowace daidai ce a wurinta, takardar maki kuwa ɗaya kaɗai ta sani.

Kayan aiki ma haka suke. A 1979 Robert Serpell ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi iri ɗaya ta hanyoyi dabam-dabam. Da takarda da fensir yaran Ingila ne gaba. Da waya, wadda yaran Zambiya suke ƙera motocin wasa da ita kamar yadda namu suke yi da waya da kara, su ne gaba. Da yumɓu, wanda duka suka saba da shi, babu bambanci. Da takarda kaɗai aka ba su, da an rubuta cewa yaran Zambiya ba su iya gane siffa ba.

5. Mai tambaya da mai amsa

Gwaji zama ne tsakanin mutane, kuma mutum ba ya amsa tambaya gaban jama'a kamar yadda yake amsa ta shi kaɗai. A shekarun 1950 Solomon Asch ya zaunar da ɗalibi cikin wasu mutane da aka riga aka haɗa baki da su, aka nuna musu layi ɗaya da wasu ukku, aka ce a faɗi wanda ya yi daidai da shi a tsawo. Amsar a fili take: waɗanda suka amsa su kaɗai kuskurensu bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Amma da sauran suka haɗu a kan amsar da ba daidai ba, kusan kashi 37 cikin ɗari na amsoshin ɗaliban sun bi su, kuma mutum ukku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Idan mutum guda cikin taron ya faɗi gaskiya, bin yana raguwa ƙwarai. A 1996 Rod Bond da Peter Smith sun haɗa bincike 133 daga ƙasashe 17, suka ga bin taro ya fi yawa a inda jama'a take fifita zaman tare bisa ra'ayin mutum ɗaya. Mai binciken da ya tara yara yana tambayar su da baki, ko ya tambayi matan gida gaban uwargida, ya tuna da wannan: amsar ta biyu ba ta da ƴancin ta farko.

Matsayin mai tambaya ma yana da nauyi. A 1969 masanin harsuna William Labov ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara takwas na unguwar Harlem a New York, wanda gaban babba mai tambaya ba ya furta fiye da kalma ɗaya ko biyu. Da mai tambayar ya zauna ƙasa, ya kawo abin taunawa, ya kira abokin yaron, sai ga shi yana gardama yana katse magana. A wurinmu, yaron da aka tarbiyyantar da kunya yakan sunkuyar da kai gaban baƙo, ya amsa a taƙaice, ya guji nuna ma babba cewa ya fi shi sani. A gida wannan ladabi ne, a takardar gwaji kuwa sifili ne.

Har ma'anar amsa mai kyau tana bambanta. Joseph Glick, ɗaya daga cikin masu binciken Kpelle, ya ba da labarin yadda aka ba mutane kaya ashirin, na ci da na aiki da na zuba abu da na sawa, aka ce su kasa su. Sai suka haɗa wuƙa da lemu, fartanya da dankali, suna cewa haka mai hankali zai yi. Da aka tambaye su yadda wawa zai yi, sai suka kasa kayan kashi huɗu, daidai yadda mai gwajin yake jira.

Daga nan mu komo kan "a hankali". Yawancin gwaje-gwajen basira suna da agogo, suna kuma ba mai sauri lada. A 1974 Mallory Wober ya samu cewa mutanen ƙauyukan Baganda na Yuganda suna danganta basira da natsuwa da rashin gaggawa. Bahaushe ma da yake cewa sannu ba ta hana zuwa, bai koya ma ɗansa cewa saurin amsa alamar kai ba ce. Yaron da ya tsaya ya auna magana kafin ya furta, abin da aka hore shi ya yi, agogon kuwa yana cin makinsa.

6. Sharuɗɗan gwaji

Ba muna cewa a bar gwaji ba ne. Idan babu shi, abin da ya rage shi ne ra'ayin mushe, wanda shi ma yana da nasa son rai. Alfred Binet da Théodore Simon, da suka fidda gwajin basira na farko mai amfani a Paris a 1905, da tambayoyi talatin, manufarsu ita ce a gano yaran da suke bukatar koyarwa ta musamman don a taimake su, kuma Binet ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon kamar wani abu da ba ya canzawa. Abin da ake bukata shi ne gwaji ya cika sharuɗɗa ukku.

Na farko tsayuwa: idan aka sake gwajin, ko wani ya ba da makin, sakamakon ya tsaya kusa da inda yake. Na biyu dacewa: gwajin ya auna abin da aka ce yana aunawa. Waɗannan biyu ba ɗaya ba ne. Tiyar da aka bubbuga gindinta tana ba da awo ɗaya kullum, ke nan tana da tsayuwa, amma ba tiya take aunawa ba. Lissafin da aka rubuta da Faransancin da yaro bai ji ba yana iya ba da maki ɗaya yau da gobe, alhali Faransanci yake aunawa.

Na ukku ma'aunin kwatanci: maki ba shi da ma'ana sai an san da su wa aka kwatanta shi. A gwajin basira, 100 ita ce tsakiyar jama'ar da aka tsara ma'aunin a kanta, kuma kusan mutum biyu cikin ukku na wannan jama'a suna faɗowa tsakanin 85 da 115. Wannan tsakiya ba ta zauna wuri ɗaya ba ko a ƙasashen da aka ƙirƙire ta. A 1984 da 1987 James Flynn ya nuna cewa makin ya yi ta hawa cikin ƙarni na 20, kamar maki ukku kowace shekara goma a Amurka, saurin da gado ba ya iya bayyana shi. Idan ma'aunin kakanni bai dace da jikokinsu a ƙasa ɗaya ba, yaya ma'aunin Paris zai dace da Madawa?

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ga abin da muke ba ɗalibai shawara su yi kafin su fita da gwaji. Su sa mutum ɗaya ya juya shi zuwa Hausa, wani dabam da bai ga asalin ba ya maida shi Faransanci, a kwatanta. Su gwada shi da yara kaɗan tukuna, suna tambayar kowane yaro yadda ya kai ga amsarsa, domin a nan ne irin matsalar "ɗari" take fitowa. Su auna abu ɗaya ta hanya biyu aƙalla, da baki da takarda, ko da kayan aji da kayan gida. Su rubuta cikin kundin wanda ya yi tambayar, da harshen da ya yi ta, da wurin, da waɗanda suke zaune. Su kuma kwatanta yaran da ƴan'uwansu masu harshe ɗaya da shekarun karatu ɗaya, kada su ari ma'aunin wata ƙasa.

Akwai aiki guda da ɗalibi ɗaya zai iya yi cikin shekara ɗaya, ba tare da kuɗi mai yawa ba: ya samu ƴan kwaleji masu jin Hausa da Faransanci sosai, ya auna lokacin da kowannensu yake ɗauka wajen furta lambobi a kowane harshe, sa'an nan ya auna tsawon jerin da yake riƙewa a kowane harshe. Agogo da takarda sun isa. Sakamakon zai ba mu harsashin ma'auni na farko da ya dace da bakin yaranmu, kuma duk mai juya gwaji bayansa zai san gwargwadon abin da harshe ya ci cikin maki.